Rubutu a Gadon Bayana

…kuma kwana biyar ke nan ban sha ƙwayar ba. Kwana biyar, Larissa. Ki tambayi duk mai borin jini ki ji abin da kwana biyar ke nufi. Bakin wando ya zana mini layi, wuyan riga ya zana nasa, ɗamarar kujerar mota ta bar mini hanya tun daga kafaɗa har ƙugu — ja, a kumbure, sai ka ce an tsula mini bulala. Haka suke so. In na sha magani fatar shiru take yi, ɗalibai su zo su tarar da bayan tsoho kawai, me za su koya?

Ɗaki na huɗu. Gado mai shimfiɗar takarda, rigar asibitin nan mai buɗaɗɗen baya, agogo a bango. Tara saura biyar. Rukuni shida yau, kowanne minti ashirin, 'yan shekara ta biyu a karatun likita, makon koyon cutukan fata. Kina cikin na uku.

Na sani don na gani da idona. Bev — ita ke tsara mu, mu da ake kawowa ɗalibai su koyi aiki a jikinmu — ta bar jerin sunayen a kan teburinta, ni kuwa na leƙa na ce mata ga can ana janye motarta. Ta kwasa a guje ko rigar sanyi babu. A Winnipeg, cikin ƙanƙarar Fabrairu! Ta dawo tana haki tana cewa, "Orest, wata rana ni zan kashe ka, kuma alƙali da kansa zai rako ni gida." Shekarata hamsin da takwas, har yau ba a yi wanda ya kamo ƙafata ba. Minti biyu suka ishe ni. Larissa Doyle. Doyle… sunan gidan uwarki. To. Zai fi kyau a ƙofar ofis, ban musa ba.

Dokar aikin ɗaya ce, kuma na sa hannu a kanta: in ka san wani ɗalibi, ka faɗa, a canja masa ɗaki. Ban faɗa ba. Ke fa? Ana ba ku sunayenmu? Ban taɓa tambaya ba. In ana ba ku, to kin ga "Bilan, ɗaki na huɗu", kin je wajen Bev tun jiya kin ce a sauya ki. Ko kin gani kin yi shiru. Ko ba ki gani ba sam, za ki turo ƙofa da littafinki a hannu ki tarar da ubanki cikin riga mai igiya a baya, bayan shekara bakwai… wanne ya fi? Kwana biyar ina juya shi ina susa.

An ƙwanƙwasa. Na farko.

Su biyar, da Likita Rempel a gaba, da tabaraunta a tsakiyar ka tana neman sa a aljihu. Na ce, "Ku shigo, ku shigo, kallo kyauta, taɓawa ma kyauta, hoto ne kawai sai da izinin manajana." Dariya. Kullum sai an yi dariya a nan. Na san inda kowace dariya take kwana a ɗakin nan, kamar yadda na san makunnin fitilar gidana.

Na juya musu baya. Na raba shi gida shida kamar gona, kowane rukuni da kadadarsa — in na bar na farko suka cinye fili, na ƙarshe sai dai su yi rubutu a cinya. Wani yaro ya ɗauki ɗan katakon da ake danne harshe da shi. "Danna mana, ɗan samari, ba budurwarka ba ce." Ya ja layi uku. Yanzu sai jira. Fari tukuna, sannan ja, sannan ya taso. Minti biyar. Likita tana bayani, ni ina bin ta a zuci, don na haddace: wasu 'yan ƙwayoyi ne a cikin fata, masu gadi, masu saurin firgita. An ɗan taɓa su sai su saki sinadarinsu, ƙananan hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo, wuri ya kumbura, ƙaiƙayi ya taso. Ka danna da yatsa ya yi fari, ka ɗaga jan ya dawo. Ba ya kwana a wuri ɗaya. Ba ya barin tabo. In kana shakka ka zagaye ɗaya da biro ka duba gobe; in ka same shi inda ka bar shi, to wani abu ne daban, ka sake tunani. In ya wuce mako shida yana zuwa yana tafiya, ya zama ɗan gida…

Nawa shekara arba'in da shida. Da ni za a ba takardar jarabawar nan, da na ci. Ni da ban gama aji goma ba.

Kin san labarin, na ba ki shi ya fi sau ɗari — ranar jarabawar lissafi, cokali mai yatsu daga gidan abincin makaranta, na shiga bayi na bi jikina tsaf, ɗigo-ɗigo tun daga wuya har cibiya. Na fito ina layi. Nas ɗin makaranta ta ɗaga rigata ta saki ƙara. Aka sallami azuzuwa har uku! Aji uku, Larissa, yara tamanin suka tafi gida saboda ni da cokali ɗaya. Kafin likita ya iso fata ta koma sumul. Shugaban makaranta ya ce in tafi in yi tunani na mako biyu. Har yau ina tunanin.

"Mista Bilan, leɓenka ko harshenka sun taɓa kumbura?" A'a. "Numfashi ya taɓa yi maka wuya?" Sai in na hau bene. "Akwai mai irin wannan a danginku?"

"Ni kaɗai Allah ya zaɓa, 'yata. Sauran sai aka ba su ilimi."

Dariya. Mun gode, Mista Bilan. Mun gode. Kowa ya matsa ruwan wanke hannu a bakin ƙofa, suka fita.

Tara da ashirin. Ƙaiƙayi. Ba a susa, in na sosa na ɓata gonar wasu. Na zauna a kan hannuwana.

A kan hannun nan kika koyi rubuta sunanki. Kin tuna? Ba za ki tuna ba, shekararki huɗu. Ƙotar cokalin shayi, teburin kicin a gidan titin Selkirk, uwarki tana naɗe ganyen kabeji da shinkafa tana cewa ku bar wannan ƙazantar a kan abinci. Ki ja, ki jira, kina ƙirga da ƙarfi… sai harafin ya taso, ki yi tsalle. Kin ɗauka duk uba haka yake. Kika je makarantar yara kika kama hannun uban wata kika karce shi da fensir, kika dawo kina kuka wai nasu ya lalace.

Nasu ya lalace. Wayyo.

Na biyu. Layi uku a kadada ta biyu. Wata yarinya ta ce, "Kai! Kamar sihiri." Na ce ai da shi na auri mata — na rubuta lambar wayata a dantse na miƙa wa Colleen a wurin rawa, na ce ta yi sauri ta kwafa, tayin minti talatin ne. Dariya. Gaskiya ne kuwa, wannan ɗin gaskiya ne. Matsalata ke nan, gaskiyata da ƙaryata kaya iri ɗaya suke sawa.

Likita Rempel ta kai wurin da ba na so. Kullum sai ta kai. Ta sauke tabarau, murya ta canja: yawancinsa ba ya kisa, amma ku saurara da kyau. In ya zo da kumburin leɓe ko harshe, in murya ta dushe, in numfashi ya fara fito, amai, jiri — ku manta da fata. Ba ƙwaya ba. Allura a cinya, nan take, ba a jira a gani…

A nan nake ƙirga ramukan silin. Shekara biyar ina ƙirga su.

Bakin tafki, watan Agusta. Shekararki tara. Uwarki tana wurin aiki, ni da ke da akwatin ƙanƙara da soyayyen kifi a takarda. Rina ta shiga gwangwanin lemonki, kika kore ta, ta harbe ki a wuya. Kika yi kuka kaɗan. Minti nawa? Sai ga borin ya feso — ciki, hannuwa, bayan gwiwa, ruɗu-ruɗu. Ni kuwa… murna na yi. Ki ji fa. Murna. Na ɗaga ki sama na ce, "An gaji uba! Jama'a ku zo ku gani, wannan tawa ce, ba a canja mini ita a asibiti ba!" Na ɓalla ƙwayata biyu na ba ki rabi. Na ɗauki hoto. Wa ya fi ni sanin wannan abu a duk bakin tafkin? Wa ya fi ni? Na ce cikin minti talatin zai wuce, ki shiga ruwa ki ji sanyi.

Kika ce, "Baba, wuyana."

Da wata murya. Ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar ta kwaɗo. Ni na koya miki muryoyi. Ni na koya miki suman ƙarya a kanti don mu tsorata uwarki, na koya miki ɗingishi ranar wasan guje-guje. Na ce, kai, yarinyar nan ta fi ni. Sai na mayar miki. Da muryar kwaɗon. "Baba, wuyanaaa…"

"Mista Bilan? Akwai mai irinsa a dangi?"

Ni kaɗai Allah ya zaɓa. Sauran ilimi. Dariya. Mun gode.

Goma saura ashirin. Bev ta leƙo: "Ruwa? Ka yi fari fat, tsoho." Na ce kyau ne, ba ta saba gani ba. Ta ce, "Allah ya shirye ka," ta ja ƙofa.

Wata tsohuwa ce a tabarmar kusa da mu, mai hular kaba. Ban san sunanta ba har yau. Ture ni ta yi, da gwiwar hannu, kamar an ture kujera. Ta zazzage jakarta a kan yashi, ta ciro allurar gaggawa ta jikanta, ta caka miki a cinya ta cikin rigar wanka. Ta ce wa wani ya kira motar asibiti. Ni ina tsaye da kyamara a hannu. Leɓenki ya yi… ban san leɓe yana yin wannan launin ba.

Ban taɓa faɗa ba. Ga uwarki Colleen na ce abin ya zo da sauri. Ke ma ba ki faɗa ba, ban san dalili ba, shekara tara kina rufa wa ƙato asiri. Da auren ya mutu bayan shekara biyu, ba don wannan ba ne, akwai dalilai cike da mota. Kina zuwa mini Asabar da Lahadi da allurarki a 'yar jaka a ƙugu. Ina ganin jakar ina ba da labarin wani abu. Kullum wani abu.

Sai walimar gama sakandarenki. Bayan gidan kawunki, ana gasa nama, mutum arba'in, aka ce uban yarinya ya yi magana. Ni da taro? Na miƙe da kofi a hannu. Na ba da labarin rina. Yadda na gane nan take. Yadda na saɓe ki a kafaɗa na yi gudun da ban taɓa yi ba, yashi yana tashi, ina ihu a ba ni hanya. Har na sa wani kare ya bi ni, don armashi. Aka yi ta tafi. Na ce, "Shi ya sa za ta zama likita, ta ga aikin ubanta!"

Kika ajiye farantinki a kan ciyawa. A hankali. Ba ki ɗaga murya ba. "Ba haka aka yi ba, Baba."

Shi ke nan. Kalma shida, shekara bakwai. Na aika kati, na aika saƙo, na aika hoton kare sanye da tabarau. Abin da ban aika ba shi ne… to me zan rubuta? Ni ban iya abin da ba a dariya a ƙarshensa ba.

Ina gaya wa mutane wai tsautsayi ne ya kawo ni aikin nan, wai likitan fata ne ya gan ni ya roƙe ni. Ƙarya. Kawunki ya ce mini kina neman shiga karatun likita, washegari na zo na tuɓe wa Bev riga a ofis. Ba ki ma samu shiga ba a lokacin. Shekara biyar ina ba 'ya'yan mutane bayana, ina jiran layi ya zo kanki.

An ƙwanƙwasa.

Na riga na juya na fuskanci bango. Ban shirya haka ba, jikina ne ya juya. Takalma nake gani ta ƙarƙashin hammata. Na Likita, masu lebur. Baƙaƙe manya. Farare. Wasu ja. Sai wasu ruwan toka, na dama ya ɗan karkata ciki…

Kin zo.

Ƙafar dama. Mun kai ki wajen likita a kanta, ya ce za ta miƙe da kanta. Ba ta miƙe ba.

Ina maganar buɗewa? Kallo kyauta… ta tafi. Likita ta ce, "Yau Mista Bilan ya yi sanyi, ku gode wa Allah." Wani mai rawani, Harjit aka kira shi, ya ɗauki katakon. Ba ke ba. Kina can wajen famfo, nesa da kowa. Ya ja layi uku. Jira. Fari, ja… ban taɓa jin minti biyar mai tsawon wannan ba. Ana bayanin masu gadi masu firgita. Biro yana tafiya a kan takarda, biro biyar, ina ƙoƙarin ware naki.

"Kana iya juyowa, Mista Bilan."

Kin yanke gashi. Kin rame. Goshin uwata ne, ba wanda ya gaya mini zai fito haka. Idonki yana kan littafi. Fuskar ba mamaki, ba fushi, ba komai — kin sani tun jiya ke nan? Ko haka ake koya muku, ku shanye? 'Yar jakar tana nan a ƙugu, ƙarƙashin farar riga. Baƙa yanzu, ta manya.

Leɓe? A'a. Numfashi? A'a. Na bar benen, ban faɗa ba.

Harjit ya duba takardarsa. "Akwai mai irin wannan a iyali?"

Ga ta nan a bakina, a shirye, ni kaɗai Allah ya… Likita har ta fara murmushi, ta san ta.

"'Yata," na ce. "Sau ɗaya. Nata ba irin nawa ba ne. Na ɗauka irin nawa ne."

Sai ga shi yana fitowa. Tafkin, gwangwanin, rabin ƙwayar. Hoton. Na ce ta ce mini wuyanta, na kwaikwayi muryarta. Na ce sau uku ta faɗa. Na ce ba ni na ɗauke ta ba, ban yi gudu ba, babu kare. Wata tsohuwa ce ta ture ni. Mai jan takalmi ya saki 'yar dariya a wurin kwaɗon, yana jiran ƙarshen barkwancin, da bai zo ba ya mayar da ita tari.

Takardar gadon tana ƙara a ƙarƙashina.

Likita Rempel ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Wannan sabo ne. Ka ajiye mana shi, ya fi na cokalin amfani." Ta juya gare ku. "To. Ga uba, ga yarinya, jiki duk ya feso. Me ya kamata ya sa shi tashi tsaye?"

Sai ke. Ba ki ɗago ba.

"Muryar."

"Madalla, Doyle. Muryar. Ku rubuta."

Suka rubuta. Ke ma kika rubuta — me kika rubuta, Larissa? Me ya rage miki da za ki rubuta?

Mun gode, Mista Bilan. Mun gode. Ɗaya bayan ɗaya. Na kasa kunne in ji muryarki a ciki, bakuna biyar ne ko huɗu? Kin tsaya a bakin ƙofa kina murza ruwan wanke hannu. Kin daɗe. Ko ba ki daɗe ba? Tsakanin yatsu, bayan hannu, babban yatsa… haka ake koya muku, kowa haka yake yi. Na buɗe baki. Ƙofar tana da abin nan mai ja da kansa, ba ta bugawa, a hankali take rufuwa, har sai da ta ce ƙyas.

Wannan sabo ne. Ka ajiye mana shi.

Ta ɗauka shiri ne. Me zai hana? An kawo ni nan ne don in yi wasa. Ke fa? Kin ga uban da ya faɗi gaskiya, ko kin ga Orest Bilan ya samu sabon taro, ya sake ɗaukar ranar da kika kusa mutuwa ya yi wasa da ita a gaban abokan karatunki, ba tare da ya tambaye ki ba — karo na biyu?

Kuma… tsaya. Kafin in ce "babu kare". Na ɗan dakata a wurin. Na ja numfashi, na bar ɗakin ya jira. Na ji kaina ina yi. Daidai inda ya kamata a dakata, ko daƙiƙa ban ƙara ba. Ya yi kyau. Ina cikin faɗa ina jin yana yin kyau…

To wanne ne? In ni ban sani ba, ke ta yaya?

Goma da biyar. Baya yana ci kamar wuta. Ana ƙwanƙwasawa — na huɗu, su biyar, da littattafansu, kuma ɗayansu zai duba takarda ya tambaye ni ko akwai wani a iyali.

Ku ɗan dakata. Ina zuwa. Ku ɗan…